Tsadar iskar hiliyam da makomar mai nutso: amsa ga wani matashi daga bakin Tiga

Tambayar ta fito daga wani matashi ɗan masunta a wani ƙauye da ke bakin madatsar ruwan Tiga. Ya ce tun yana ƙarami yake nutso da numfashinsa, shi ake kira idan koma ta sarƙe a ƙasa ko ruwa ya ci mutum. Yana so ya koyi nutso da na'ura don ya samu aiki a teku wajen masu haƙar mai, har mahaifinsa ya amince a sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗa a biya kuɗin horo. Sai wani ɗan'uwansu mazaunin Fatakwal ya ce masa kada ya zubar da kuɗi, wai iskar da masu nutso ke shaƙa, hiliyam, ta yi ƙaranci a duniya, sana'ar ta kusa mutuwa. Yana son ya san mece ce wannan iska, me ya sa ta yi wuya, kuma da gaske ne ta kashe sana'ar.

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya saka maka da alheri a kan bayin Allah da kake tsamowa a miƙa wa iyalansu su yi musu sutura. Ka gaishe min da Baba. Na yi nutso da na'ura a ƙuruciyata, daga baya na koma sama ina haɗa iska ina kula da waɗanda ke ƙasa, don haka tambayarka ta faɗo gidana.

Ɗan'uwanku ya faɗi gaskiya a kan ƙaranci da tsada, amma ya yi gaggawar yanke hukunci. Sana'ar tana nan da ranta, kuma ko ka shige ta gobe, za ka yi shekaru ba ka shaƙi hiliyam ba. Akwai dai wata illa da tsadar ke jawowa wadda ta fi damuna a kan rashin aiki, zan zo kanta. Sai ka fahimci dalilin da ya sa ake bukatar iskar kafin ka gane illar.

Mu fara da abin da jikinka ya riga ya sani. Zafin da kake ji a kunne idan ka nutsa, nauyin ruwa ne ke danna shi. Duk mita 10 da ka sauka, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da ke kanmu a tudu. A mita 10 ya zama ninki biyu, a mita 30 ninki huɗu, a mita 60 ninki bakwai. Kai mai riƙe numfashi, huhunka ne ke matsewa. Mai na'ura kuwa, na'urar tana ba shi iska daidai da matsin inda yake, saboda haka a mita 60 zuƙa ɗaya tana ɗauke da iskar zuƙa bakwai ta tudu. Iskar da muke shaƙa kullum kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kashi 21 oksijin. A tudu lafiya lau muke da ita. Idan aka ninka ta sau biyar, sau bakwai, sai halinta ya sauya.

Naitirojin ce ke fara nuna hali. Daga wajen mita 30 takan fara sa mutum maye, kuma mayen yana ƙaruwa da zurfi. Na taɓa zama a gaban allon kula da masu nutso ina sauraron wani abokin aikinmu ta waya, yana can ƙasa a zurfin mita 45 da iskar yau da kullum. Mutum ne natsattse, a tudu ba a maimaita masa magana. Na ce ya karanto min lambar da ke kan ma'auninsa. Ya yi shiru, ya karanto. Na ce ya sake, ya faɗi wata lamba daban, ya ɗan yi dariya. A kyamarar hularsa ina kallon hannunsa riƙe da sifana yana ƙara ɗaure notin da aka aike shi ya kwance. Muka ɗago shi sama kaɗan, nan take hankalinsa ya dawo, da ya fito kuma ya rantse shi bai ji wani sauyi ba. Sharrin wannan maye ke nan: abin da za ka gane da shi cewa ka bugu, shi ne abin da ya fara bugewa.

Oksijin ma da muke rayuwa da ita, idan matsinta ya yi yawa guba ce ga ƙwaƙwalwa. Da iskar yau da kullum, mutum na kai iyakar da aka yarda a yi aiki a cikinta a wajen mita 56, a mita 66 kuwa ya kai matakin da ake tsoron farfaɗiya. Wanda farfaɗiya ta kama a ƙarƙashin ruwa, bakin na'ura na faɗuwa daga bakinsa.

Na uku shi ne wanda mutane suka fi mantawa, kuma a ganina shi ya fi kisa a ɓoye: kauri. Iska idan ta matsu tana yin nauyi, shigarta da fitarta ta maƙogwaro sai da ƙarfi. Ka kwatanta wanda ke zuƙar ruwa ta siririn bututu da wanda ke zuƙar fura mai kauri ta wannan bututun. Mai nutso a mita 50 ko 60 da iskar tudu, fura yake zuƙa, ga shi kuma yana aikin ƙarfi. Huhu ya kasa fitar da gurɓatacciyar iskar da jiki ke samarwa, kabon dayoksaid, sai ta taru a jini. Taruwarta tana kawo ciwon kai da haki da firgici, tana ƙara maye, tana kuma sa farfaɗiyar oksijin ta zo da wuri. Masu bincike sun ba da shawarar kada nauyin iskar da ake shaƙa ya wuce giram 5.2 a lita, iyakar ƙarshe 6.2. Iskar yau da kullum tana kai wannan iyaka ta ƙarshe a wajen mita 40.

A nan hiliyam ke shigowa. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta kama wuta, ba ta haɗuwa da komai a jiki, ba ta sa maye, nauyinta kuma kusan kashi ɗaya cikin bakwai na nauyin iska ne. Sai a rage naitirojin, a rage oksijin gwargwadon zurfi, a cike gurbin da ita. Idan iskoki uku ne a haɗe muna ce masa tiraimiks, kuma muna kiransa da lambobi: 18/45 na nufin kashi 18 oksijin, kashi 45 hiliyam, sauran naitirojin, wannan na wajen mita 60 ne. Idan oksijin da hiliyam ne kaɗai, hiliyoks ke nan, shi ake amfani da shi a aikin teku mai zurfi. Abin ya daɗe. A 1937 wani Ba'amurke, Max Nohl, ya sauka mita 128 a tafkin Mishigan da irin wannan haɗi, a 1939 kuma sojan ruwan Amurka suka yi amfani da shi a aikin jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Squalus da ya nutse a zurfin mita 73, inda aka ceto mutum 33.

Ita ma tana da nata halin. Tana janye zafin jiki kusan sau shida fiye da iska, shi ya sa ake tura wa mai nutso ruwan ɗumi ta mesa cikin rigarsa. Tana mayar da murya 'yar siririya, har sai an sa na'ura ta warware magana. Idan zurfi ya wuce mita 150 mutum kan fara rawar jiki. Ba ta kuma kare kowa daga ciwon da ake samu idan an hau sama da sauri, lokacin da iskar da ta narke a jini ta koma kumfa ta toshe jijiyoyi.

Wataƙila ka taɓa jin muryar nan ba ka sani ba. A watan Mayu na 2013 wani jirgi mai suna Jascon 4 ya kife a tekunmu, daura da Escravos, ya kwanta a zurfin kimanin mita 30. Mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya rayu kusan awa 60 a wani lungu da iska ta maƙale. Masu nutson da aka aika kwaso gawarwaki suka tarar da shi da rai. Bidiyon ya zaga duniya, kuma siririyar muryar mai nutson da ake ji a ciki aikin hiliyam ne. Ba su fito da shi kai tsaye ba, don jikinsa ya riga ya sha naitirojin ya ƙoshi. Sun sa shi cikin kurtun ƙarfen da suke sauka da shi, daga nan zuwa ɗakin matsi, ya yi kusan kwana uku ana rage masa matsi sannu a hankali. Daga baya shi kansa ya koyi sana'ar ya zama mai nutso.

To me ya sa ta yi wuya? Ruwa ba ya tsami banza. Hiliyam ba a ƙera ta a masana'anta. A sararin samaniya ita ce ta biyu wajen yawa, kuma a hasken rana aka fara gano alamarta a 1868, sai a 1895 William Ramsay ya same ta a nan doron ƙasa. Amma a iskar da ke kewaye da mu kashi 5 ce kacal cikin miliyan, tace ta daga nan ba ya biyan kuɗin wahala. Wadda ake sayarwa tana samuwa ne a ƙarƙashin ƙasa, inda ma'adinai irin su yuraniyam da toriyam ke ruɓewa a hankali cikin miliyoyin shekaru, ita kuma ta taru a wasu rijiyoyin iskar gas. Ba kowace rijiya ke da ita ba. Kuma duk wadda ta kuɓuce ta tafi ke nan, saboda rashin nauyinta sama take yi har a ƙarshe ta bar duniya.

Wannan ya sa kasuwarta ta zama a hannun wurare 'yan kaɗan. Amurka da Ƙatar su ke fitar da mafi yawa, sai Aljeriya da Rasha. Kuma ba don ita ake haƙa ba, tsintuwa ce a gefen aikin iskar gas. A Ras Laffan ta Ƙatar, adadinta a cikin gas ɗin ɗan mitsitsi ne, ana samunta ne kawai saboda ana sanyaya gas mai ɗimbin yawa a mayar da shi ruwa, ita kuma ta rage a sama. Idan masana'antar gas ta tsaya don gyara, hiliyam ta tsaya, ko da farashinta ya kai sama. Ajiye ta ma wahala ce. Ba ta zama ruwa sai a sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, ana ɗaukarta a manyan tankoki na kimanin lita 40,000, kuma tana da makonni ƙididdigaggu kafin ta fara ɗumama ta tsere. Ba kaya ba ce da ɗan kasuwa zai tara a rumbu ya jira rani.

Rumbu ɗaya tak aka taɓa yi mai girma. Gwamnatin Amurka ta fara tanadinta tun 1925, ta tara ta a ƙarƙashin ƙasa kusa da Amarillo a jihar Teksas. A 1996 majalisarsu ta yi dokar sayar da wannan ajiya, aka yi shekaru ana zuba ta kasuwa, abin da ya danne farashi ya kuma sanyaya gwiwar masu neman sababbin rijiyoyi. Ajiyar ta yi ta raguwa, a 2024 aka sayar da abin da ya saura ga kamfanin Messer. A tsakanin nan duniya ta ga ƙaranci sau da dama: wajen 2006, sannan daga 2011 zuwa 2013, sannan daga 2018 zuwa farkon 2020. A watan Yuni na 2017, da Saudiyya da ƙawayenta suka rufe iyaka da Ƙatar, tankokin da ke bi ta mota zuwa tashar jiragen ruwa ta Dubai suka rasa hanya, masana'antun suka tsaya na wasu makonni. Wani mai tsanani shi ne na 2022. Babbar masana'antar Amur a gabashin Rasha, wadda kowa ya sa wa rai, ta yi gobara a Oktoban 2021, ta sake fashewa a Janairun 2022. Injin tacewa na ajiyar Amurka ya tsaya na watanni. Ƙatar na gyara. Yaƙin Rasha da Yukiren ya sa Aljeriya ta karkata gas ɗinta ta bututu zuwa Turai, wanda ake sanyayawa ya ragu, hiliyam ta ragu tare da shi. Daga baya kasuwa ta ɗan saki, ana kuma buɗe sababbin wurare a Kanada da Afirka ta Kudu, an gano ta a yankin Rukwa na Tanzaniya a 2016. Amma muddin tushenta 'yan wurare ne, gobara ɗaya ko rikici ɗaya ya isa ya sake tsuke ta.

Mu a Najeriya dukan biyu ne. Duk da arzikin gas da muke da shi, ba ma tace hiliyam, kowace tukunya daga waje take zuwa da farashin dala. Ka san abin da ya sami naira tun tsakiyar 2023.

Idan kaya ya yi ƙaranci, manyan dillalai rabo suke yi, kuma mai nutso can baya yake a layi. Na'urar MRI da ake ɗaukar hoton cikin jiki da ita a manyan asibitoci, irin wadda ake tura marasa lafiya birnin Kano a yi musu, maganaɗisunta a jiƙe yake cikin ruwan hiliyam, lita 1,500 zuwa 2,000 a na'ura guda. Masu ƙera ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta na bukatarta, haka masu harba roka, masu walda ta musamman, da ɗakunan bincike. Ni dai ba na jin haushin a fara ba asibiti. Idan za a zaɓa tsakanin mai ciwon ƙwaƙwalwa da ke jiran hoto da mai son ganin tsohon jirgi a ƙasan teku, babu abin tattaunawa.

Wa tsadar ta fi bugawa? Masu nutson shaƙatawa, waɗanda iyakarsu mita 40 ce, yawancinsu ba su taɓa sayenta ba. Waɗanda suka ji jiki su ne masu shiga kogunan dutse masu zurfi da masu bin jiragen da suka nutse, waɗanda ke biya daga aljihunsu. Yi lissafin da kanka. Mutumin da ke shaƙar lita 20 a minti a tudu, a mita 60 lita 140 yake sha. Minti 20 a ƙasa lita 2,800 ke nan, idan kuma haɗin 18/45 ne, lita 1,260 daga ciki hiliyam ce, duk ta tafi kumfa, ban da ta sauka da ta hawa. Shi ya sa da yawansu suka koma na'ura mai juya numfashi. Ita ba ta zubar da abin da ka fitar, tana bi da shi ta cikin wani gari mai tsotse kabon dayoksaid, ta ƙara oksijin gwargwadon wanda jiki ya ci, ta dawo maka da shi. 'Yar tukunya mai lita 3 kan ishe ta abin da da sai manya biyu. Amma kuɗinta dubban daloli ne, tana bukatar horo na daban, kuma idan ta samu matsala ba lallai ta yi ƙara ba, mutum sai dai ya suma.

Aikin da kake hange kuwa, tsarinsa daban ne. A ƙa'idar da manyan kamfanonin teku ke bi, har zuwa mita 50 da iskar yau da kullum ake aiki, ana turo ta ta mesa daga jirgi, da waya, da mai jiran ko-ta-kwana a shirye. Nan kowa ke farawa, kuma aiki mai yawa a tekunmu a wannan zurfin yake: duba ƙafafun dandamalin mai, gyaran bututu, walda da yanka, wanke cikin jiragen ruwa a tasha. Idan zurfi ya yi yawa sai masu zaman matsi. Su suna zaune ne a cikin ɗakin ƙarfe a kan jirgi har zuwa kwana 28, a matsin da ya yi daidai da wurin aikinsu, suna shaƙar hiliyoks dare da rana, ana sauke su ana ɗago su a kurtu. Ranar fita, kusan kwana guda ake ba kowane mita 30 na rage matsi. Su ne masu shan hiliyam da yawa, amma kamfani ke saye da kwangila, kuma jiragen suna da na'urar da ke dawo da numfashin mai nutso ta wata mesa a tace a sake ba shi, mafi yawanta ba ta ɓacewa. Kuɗin iska ƙarami ne idan aka gwada da kuɗin hayar jirgin ko asarar bututun da ya tsaya. Rijiyoyin mai irin Bonga da zurfin ruwansu ya wuce mita 1,000, babu ɗan Adam da ke sauka can, na'urori masu aiki da umarni daga sama ake aikawa. Abin da ke rage wa masu nutso aiki ko ya ƙara shi shi ne farashin ɗanyen mai da yawan kwangila. Idan ɗan'uwanku ya ga mutane zaune babu aiki a Fatakwal, can ya kamata ya duba.

Yanzu ga abin da na ce yana damuna. Tsadar hiliyam ba ta hana mutane sauka, sai dai ta sa su sauka da abin da bai dace ba. Wanda ya kamata ya sa kashi 45 sai ya sa 25. Wanda ya kamata ya sa 25 sai ya ce ai mita 55 ce kawai, iska ta isa. Ƙaramin ɗan kwangila da ya karɓi aikin da ya fi ƙarfinsa sai ya nemi yaro mai zuciya, mai bukatar kuɗi, wanda ba zai yi musu ba, ya ce masa jarumi ne shi. Yaro irinka ake nema, ɗana, ɗan ruwa wanda ba ya tsoro. Za kuma ka ji tsofaffin hannu suna cewa jiki na sabawa da mayen. Abin da ke sabawa shi ne jin mayen. Tunani da hannu suna nan da nauyinsu, kaurin iska kuma babu ruwansa da ƙwarewa. Duk ranar da aka ce ka wuce mita 50 da iskar yau da kullum saboda hiliyam ta yi tsada, ka cire hula ka ajiye. Aikin da kuɗinsa bai isa sayen iskar da ta dace ba, bai isa a yi shi ba.

Kada kuma wani ya kawo maka tukunyar masu hura balan-balan ya ce ai duk hiliyam ce. Ba a tace ta don shaƙa ba, sau da yawa a gauraye take, kuma a wurare da dama masu balan-balan haidirojin suke haɗawa saboda araha, mai fashewa da ɗan tartsatsi. Zallar hiliyam ma kisa take: zuƙa kaɗan mutum ya faɗi, ba tare da ya ji numfashinsa ya sarƙe ba, domin abin da ke sa ka ji ƙishin iska taruwar kabon dayoksaid ce, ba rashin oksijin ba. Ka hana yara wasan zuƙarta a wajen biki don sauya murya. A wurin aiki na gaskiya, babu tukunyar da ake shaƙa sai an ɗora mata na'urar gwaji. Mai ita zai buɗe ta kaɗan, ya jira lamba ta tsaya, ya manna farin tef a wuyanta ya rubuta da alƙalami mai kauri: kason oksijin, kason hiliyam, iyakar zurfinta, kwanan wata, sunansa. Haɗi irin 10/70 da ke raya mutum a mita 100, idan ya shaƙe shi a bakin ruwa suma zai yi.

Za ka ji ana zancen maye gurbinta da haidirojin. Kamfanin Comex na Faransa ya gwada, mutanensa sun yi aiki a mita 534 a teku a 1988, ɗaya ya kai matsin mita 701 a ɗakin gwaji a 1992. A 2023 likitan nan ɗan Ostireliya, Richard Harris, wanda ya taimaka wajen ceto yaran Tailan daga kogo a 2018, ya shaƙe ta a mita 230 a wani kogon ruwa a Niyu Zilan. Gwaji ne na ƙwararru, bai zama abin aiki ba.

A ruwanmu na gida, maganar hiliyam ba ta ma taso ba. Bangon Tiga, da aka kammala a 1974, tsayinsa mita 48 ne, na Challawa a Ƙaraye mita 42, ruwan kuma bai kai tsayin bango ba. Watari ta Bagwai, inda kwalekwale ya kife a ƙarshen Nuwamban 2021 da ɗaliban Islamiyya, Allah ya jiƙansu, masu nutso irinku ne suka yi aikin. Abin da ke kashe mai nutso a nan daban ne: duhun ruwa, tsofaffin itatuwan da dam ya shanye, ragar da aka yasar. Mafi haɗari shi ne bakin magudanar da ake sakin ruwa. Idan ƙofa a buɗe take ko tana yoyo, ruwa na manne mutum a jikinta da ƙarfin da mutum goma ba su iya ɓamɓaro shi, kuma ba a ganin alama daga sama. Kada ka kusanci wurin sai ma'aikatan dam sun rufe sun tabbatar maka. Sai injin mai faci: na ga inda aka ja mesa daga irinsa aka ba mutum ya sauka da ita, injin na zuƙar hayaƙin janareta yana tura masa tare da tururin baƙin mai. Hayaƙin nan shi ne kuma ke kashe masu yasar rijiya idan aka saukar da injin ban ruwa ciki, na farko ya faɗi, na biyu ya bi shi ceto ya faɗi. Ka kuma sani ƙasar Kano tana wajen mita 500 sama da teku, jadawalin hawa da aka tsara don teku sai an gyara shi kafin a yi aiki da shi a nan, ɗakunan matsi da ake jinyar wanda kumfa ta kama kuwa suna can bakin teku, tafiyar yini guda.

Akwai ɗabi'a ɗaya da ta raya ka har yau wadda dole ka kashe ta ranar da ka fara shaƙar iskar tukunya: riƙe numfashi. Wanda ya cika huhu a ƙasa ya riƙe ya taso, iskar na kumbura tana yaga huhu, ko da mita biyu ce. Masu koyarwa sun fi shan wahala da 'ya'yan masunta a kan wannan, don jikinsu na yi kafin su tuna.

Maganar san huɗa kuwa, shawarata kada Baba ya kai shi kasuwa tukuna. Ka fara binciken makaranta. Ka tambaye su takardar da suke bayarwa, ko tana cikin waɗanda ƙungiyar 'yan kwangilar teku ta IMCA ta amince da su, irin ta HSE ta Birtaniya, ta ADAS ta Ostireliya, ko mataki na biyu na Afirka ta Kudu, domin takardar nutson shaƙatawa ba ta ba ka aiki a dandamalin mai. Ka nemi wanda ya gama a wurin ka ji inda yake aiki. Idan kana da hali ka koyi walda ko gyaran inji kafin ka tafi, saboda hannun mai sana'a ake biya, nutso hanyar isa wurin aikin ce kawai. Ka kuma ƙarfafa karatunka na Turanci da lissafi, jadawali da umarni duk da su ake yi.

Kafin duk wannan, ka je asibiti. Ka yi gwajin jini ka san ko kana da sikila, don mai ita ba ya wannan aiki, wanda ke ɗauke da rabinta ma sai likitan nutso ya duba shi. A ɗauki hoton ƙirjinka, musamman idan ka taɓa yin tarin fuka, saboda tabon da yake bari na iya riƙe iska ya fashe wajen hawa. A duba kunnuwanka, masu nutso tun yarinta da yawa dodon kunnensu ya taɓa hujewa ba su sani ba. Asma, farfaɗiya da ciwon zuciya duk ka faɗa wa likita gaskiya idan akwai. Kuɗin waɗannan gwaje-gwaje bai kai na tunkiya ba, kuma idan ɗaya ya fito da matsala, babu kamfanin kirki da zai sa maka hula komai takardarka. Idan sakamakon ya fito, ka aiko min da shi tare da sunayen makarantun da ka samu, mu duba su tare.